Kanola da sanyin ƙanƙara: me ƙwayoyin gado za su iya, me kuma ya gagare su?

Kusan shekara 30 ke nan ana jin labari iri ɗaya daga ɗakunan bincike, wai an gano ƙwayar gadon (wato ɗan sashen halitta da ake gada, mai tsara wani hali) da ke sa shuka jure sanyi. Labarin yana da tushe, kuma kanola tana cikin amfanin gonar da aka fara gwada wannan ilimi a kansu. Duk da haka manomin kanola a lardin Saskatchewan na Kanada har yau yana kwana cikin zullumi idan sama ta washe a daren watan Mayu, haka ma takwaransa na kudancin Ostareliya a watan Satumba. Babu wani irin kanola a kasuwa da aka sauya wa halitta don jure ƙanƙara. Mai karatu yana da hujjar tambaya: in an san ƙwayar gadon, ina aka tsaya?

Shukar da sanyin da ake nufi

Kanola dangin kabeji ce, mai fure rawaya da ƙananan ƙwayoyi baƙaƙe waɗanda fiye da kashi 40 cikin 100 na nauyinsu mai ne. Kakanninta sun daɗe a gonakin Turai da Asiya, sai dai mansu yana da wani sinadari mai yawa da ake shakkar lafiyarsa ga ɗan Adam, tunkuzarsu kuma tana da ɗacin da dabbobi ba sa so. Masana biyu na Kanada, Keith Downey a Saskatoon da Baldur Stefansson a Jami'ar Manitoba, su suka jagoranci aikin rage waɗannan sinadarai biyu ta hanyar barbara da zaɓen iri. A 1974 aka fitar da Tower, iri na farko da ya cika sharuɗɗan biyu. Yau Kanada tana noma fiye da hekta miliyan 8 na kanola a shekara, ana kuma nomanta sosai a Jamus, Faransa, Folan, Yukiren, Sin, Indiya da Ostareliya.

Sanyi kala biyu ne a wajen masanin tsirrai. Akwai wanda bai kai ga daskarar da ruwa ba, irin na tsakiyar hunturu a ƙasar Hausa, wanda ke tsayar da girman masara da shinkafa idan ma'auni ya sauka wajen digiri 10. Wannan bai dami kanola ba, ta ma fi son sa. Wanda ake magana a kai shi ne na ƙasa da sifili, lokacin da ruwan da ke jikin shuka ke zama ƙanƙara. Yakan sauka ne a daren da babu gajimare babu iska, domin a irin wannan dare ƙasa tana sakin zafin da ta tara da rana ba tare da wani abu ya tare shi ba. Iska mai sanyi ta fi nauyi, sai ta gangara ta taru a kwari. Shi ya sa a gona guda za a ga tudu lafiya lau, kwari kuwa ya yi baƙi.

Abin da ƙanƙara ke yi a cikin ganye

Jikin ganye ƙananan ɗakuna ne da ake kira sel, kowanne a lulluɓe da siririn tantani. Idan sanyi ya sauka a hankali, ƙanƙara tana fara haɗuwa ne a sararin da ke tsakanin ɗakunan. Da ta haɗu sai ta riƙa janyo ruwa daga cikinsu, sel ya yanƙwane, tantaninsa ya tattare. In abin ya yi yawa, tantanin ya yage ko ya lalace yadda ba zai koma daidai ba idan rana ta fito. Wato yawancin ɓarnar ƙanƙara bushewa ce, shuka ta rasa ruwa alhali ruwan yana jikinta a daskare. Wannan ne dalilin da ya sa ƙwayoyin gadon jure sanyi da na jure fari suke yawan zama ɗaya.

Masu bincike suna auna ɓarnar ta hanya mai sauƙi. A yanki ganye, a sa shi cikin na'urar sanyaya, a riƙa rage zafi mataki-mataki, sannan a jiƙa shi a ruwa a auna yawan gishirin da ya zubo. Tantanin da ya yage ba ya riƙe abin da ke cikinsa. Matakin sanyin da ke kashe rabin ɗakunan shi ake rubutawa a matsayin ƙarfin juriyar wannan iri.

A nan wani abu mai muhimmanci ke fitowa. Shuka guda ba ta da lamba guda. Tsiron kanola da ya taso cikin ɗumi, digiri 3 ko 4 ƙasa da sifili na iya kashe shi. Tsiron nan dai, in ya yi kwanaki yana shan sanyi mai sauƙi kafin ƙanƙara ta zo, zai iya tsallake digiri 8 ko fiye. Kanolar hunturu, wato wadda ake shukawa kafin hunturu ta kwana a gona, in ta yi makonni tana sabawa tana iya jure digiri 15 zuwa 20 ƙasa da sifili. A cikin waɗannan kwanaki na sabo shuka tana tara sukari da wasu sinadarai da ke rage fitar ruwa daga sel, tana sauya irin kitsen da ke tantaninta don kada ya sandare, tana kuma ƙera wasu furotin masu kare shi. Sabon yana ɗaukar kwanaki ko makonni kafin ya kammala, amma 'yan kwanakin ɗumi sun isa su warware shi. Saboda haka sanyin da ya biyo bayan mako mai ɗumi ya fi wanda ya fi shi tsanani a tsakiyar hunturu ɓarna.

Ƙwayoyin CBF

Yawancin abin da aka sani game da wannan sabo an koye shi ne daga wata 'yar ƙaramar ciyawa mai suna Arabidopsis, wadda danginsu ɗaya da kanola. A ƙarshen shekarun 1990 ɗakin binciken Michael Thomashow a Jami'ar Jihar Michigan ta Amurka ya gano wasu ƙwayoyin gado da aka sa wa suna CBF. A daidai lokacin, ƙungiyar Kazuo Shinozaki da Kazuko Yamaguchi-Shinozaki a Japan ta gano su ta wata hanyar, ta kira su DREB1. Aikin CBF kamar na sanƙira ne a gari: shi ba ya ɗaukar makami, shela yake yi, mutane su fito. Cikin kimanin minti 15 da shigar shuka sanyi ƙwayoyin CBF suke farkawa, bayan 'yan sa'o'i kuma ƙwayoyin da suka ji shelar, waɗanda ake kira COR, su kama aikin kare sel. Sun haura ɗari. A kanola ma an samu irinsu, misali BN115 da BN28 da masu bincike na Kanada suka bayyana.

A 1998 aka nuna cewa idan aka tilasta wa CBF1 yin aiki ba dare ba rana, Arabidopsis tana jure ƙanƙara ko ba ta taɓa ganin sanyi ba. A 2001 aka sa ƙwayoyin CBF na Arabidopsis cikin kanola, juriyarta ta ƙaru. Daga nan ne fatan da ake ta yayatawa ya samo asali.

Matsalar ta bayyana tun a tukwanen gwaji. Shukar da CBF ɗinta ba ya hutawa takan tsumbure, ta yi jinkirin fure, 'ya'yanta su ragu. Daga baya aka gane cewa wannan yana cikin tsarin: CBF yana rage ƙarfin sinadarin da ke sa tsiro ya miƙe, domin shukar da ke shirin fuskantar hunturu ba ta da buƙatar yin tsawo. Manomi kuwa ƙwaya yake sayarwa. Irin da zai rage masa amfani kowace shekara don ya kare shi daga sanyin da ke zuwa sau ɗaya a shekaru da dama ba zai samu mai saye ba.

Sai kuma a 2016, da fasahar gyaran gado ta CRISPR ta samu, ƙungiyoyin bincike suka kashe ƙwayoyin CBF guda uku na Arabidopsis gaba ɗaya. Juriyar ta ragu ƙwarai, wanda ya tabbatar da muhimmancinsu, amma yawancin ƙwayoyin gadon da sanyi ke tayarwa sun ci gaba da farkawa ba tare da su ba. Akwai wasu hanyoyin ke nan. An kuma gano cewa agogon cikin shuka da launin hasken da take samu suna da hannu a lokacin da CBF ke amsawa, don haka sanyi ɗaya na iya samun amsa dabam gwargwadon sa'ar da ya zo.

Gadon kanola ninki biyu ne

Kanola ta samu ne daga haɗuwar shuke-shuke biyu kimanin shekara 7,500 da suka wuce: ɗaya daga dangin kabeji mai kuromosom (zaren da ƙwayoyin gado ke jere a kansa) 18, ɗaya daga dangin tanip, wani kayan lambu mai saiwa, mai 20. Ta riƙe duka biyun, tana da 38. Da aka wallafa taswirar gadonta a 2014 an lissafa ƙwayoyin gado kusan 101,000, alhali na ɗan Adam ba su wuce kimanin 20,000 ba. Abin da Arabidopsis ke da guda ɗaya, kanola takan samu kwafi huɗu ko shida ko fiye. In aka gyara ɗaya, sauran sukan rufe gurbin, ba a ga wani canji ba.

Masu neman inda bambancin juriya yake a tsakanin ire-iren kanola sukan tara ɗaruruwan iri, su sa su cikin sanyi, su kwatanta sakamakon da dubban alamomi a jikin DNA. An yi irin wannan aiki a Jami'ar Jihar Dakota ta Arewa da ke Fargo, da cibiyoyin Sin da na Turai. Abin da ke fitowa kusan kullum shi ne wurare masu yawa warwatse a kuromosom dabam-dabam, kowanne da ɗan ƙaramin tasiri, kuma wanda ya bayyana a wannan gwaji ba lallai ya bayyana a na gaba ba. Halin da ƙwayar gado ɗaya ke riƙe da shi, kamar jure wani maganin ciyawa, ana iya dasa shi cikin 'yan shekaru. Wanda ya rarrabu a wurare da dama sai an tara shi kaɗan-kaɗan.

Tarihin kanola ma ya ƙara ƙuntata lamarin. Ƙarancin sinadarin nan da ake shakka a cikin mai an samo shi ne daga wani irin Jamus mai suna Liho, ƙarancin ɗacin tunkuza kuma daga wani irin Folan mai suna Bronowski. Kusan duk kanolar duniya ta ratsa ta wannan ƙofa mai ƙunci, sai bambancin gado ya ragu. Don haka masu inganta iri suke komawa ga dangi, kamar irin tanip mai mai da ake nomawa a lardin Gansu na arewa maso yammacin Sin, wanda ya fi kanola jure hunturu nesa ba kusa ba. Sai dai duk wanda ya ɗauko juriya daga can zai ɗauko ta tare da ƙarancin amfani da ɗacin da aka sha wahalar cirewa, kuma tace su aikin shekaru ne.

Ƙanƙara uku, ba ɗaya ba

Babban abin da kanun labarai ke ɓoyewa shi ne cewa manoman kanola ba matsala ɗaya suke kuka da ita ba.

A Turai da Yukiren ana shuka a watan Agusta ko farkon Satumba, shukar ta kwanta a ƙasa da ganyenta duk hunturu, ta yi fure a Afrilu ko Mayu. Irin wannan ba ya fure sai ya sha dogon sanyi, kuma wasu ƙwayoyin gado masu suna FLC ne ke danne furen har sai sanyin ya kashe ƙarfinsu. Kanola tana da kwafinsu tara. A nan siffar shuka tana da nauyi daidai da sinadaran cikinta: wadda idon tsironta ya lafe a ƙasa, ta yi ganye 6 zuwa 8 da saiwa mai kauri kafin hunturu, ta fi wadda ta yi saurin miƙewa tsira, ko da gwajin ganye ya nuna ƙarfinsu ɗaya. Dusar ƙanƙara ma kariya ce, domin tana rufe shukar daga iska. Shirin inganta iri na Jami'ar Jihar Kansas ya daɗe yana zaɓen irin da ke da wannan siffa ta lafewa. A wannan fanni ilimin CBF ya fi dacewa.

A Kanada hunturu ya fi ƙarfin kanola a yawancin yankunan noma, sai ake shuka a watan Mayu a girbe a Agusta zuwa Oktoba. Haɗarin farko yana kan jaririn tsiro. Washegarin sanyi manomi yakan tarar da ganyen sun yi baƙi sun kwanta, amma shawarar malaman gona ita ce kada ya yi gaggawar sake shuka. Ya jira kwana huɗu ko fiye, ya durƙusa ya duba tsakiyar tsiron. In idon yana nan kore da ƙwari, sabon ganye zai fito. In karan ya tsuke ya yi laushi a ƙasan ganyen, ya mutu. Kanola tana yin rassa ta cike gurbi, don haka gonar da tsironta ya ragu sau da yawa ta fi wadda aka sake shukawa a makare.

Haɗari na biyu a Kanada yana zuwa ne a ƙarshen lokaci, kamar sanyin da ya faɗa wa gonakin Saskatchewan a watan Agustan 2004. Ƙwayar kanola kore ce tun tana ɗanya, wasu sinadarai ne ke goge koren yayin da take nuna. In ƙanƙara ta same ta tana da danshi sama da kashi 20 cikin 100, aikin gogewar ya tsaya, koren ya zauna. A wurin saye ana jera ƙwayoyi a kan tef mai danƙo, a bi su da abin murza a fasa, a ƙirga masu kore. In sun wuce kashi 2 cikin 100, kayan sun fita daga daraja ta ɗaya, kuɗinsu ya faɗi, domin koren yana shiga mai kuma cire shi yana da tsada. Wannan matsala ba ta da alaƙa da yadda ganye ke sabawa da sanyi.

A Ostareliya ana shuka a Afrilu ko Mayu, shukar ta girma cikin hunturu mai sauƙi, ta yi fure a Agusta da Satumba, lokacin da ƙanƙarar dare ke sauka. Furen da ya zube ba shi ne babbar asara ba, tun da kanola tana makonni tana fitar da wani. Asarar tana kan kwanson da ƙwayarsa ke cike da ruwa. Daga waje kwanson na iya zama kamar lafiyarsa ƙalau, sai an tsaga shi a ga ƙwayoyin sun zama ruwa-ruwa, daga baya su yanƙwane su yi ƙasa-ƙasa. Fure da ɗanyar ƙwaya ba sa sabawa da sanyi yadda ganye ke yi, kuma bambancin da ake samu tsakanin iri da iri a wannan mataki kaɗan ne. Inda aka fi asarar kuɗi, nan ne ilimin gado ya fi ƙaranci.

Inda masana suka rabu

Masu goyon bayan gyaran gado suna cewa kuskuren farko shi ne barin CBF a kunne kullum. In aka haɗa shi da makunnin da sanyi kaɗai ke tayarwa, ko aka raunana ƙwayoyin da ke danne shi, za a samu juriya ba tare da tsumburewa ba. CRISPR kuma tana iya taɓa kwafi da yawa a lokaci guda, abin da barbara ba ta iyawa. Hujjarsu tana da ƙarfi a ɗakin gwaji. Raunin ta shi ne ƙarancin shaidar gona ta shekaru da dama.

Masu inganta iri ta hanyar gargajiya sun fi karkata ga abin da ake kira zaɓe da taswirar gado: a daina neman ƙwaya ɗaya, a yi amfani da dukkan alamomin DNA a hasashen wane tsiro ne zai fi juriya, a riƙa tara ƙananan riba zagaye bayan zagaye. Hanyar ta dace da halin da ya rarrabu, amma tana buƙatar awo mai kyau daga gona, kuma nan ne gizo ke saƙa. Ba a yin odar ƙanƙara. Wata shekara ba ta zo ba, duk iri ya tsira. Wata shekara ta yi tsanani, duk ya mutu. A duka biyun mai bincike bai koyi komai ba. Na'urar sanyaya tana ba da sakamako mai tsari, amma ba ta kwaikwayon iska, danshin ƙasa, raɓa, da ƙwayoyin bakteriyar da ke zaune a kan ganye suna sa ƙanƙara ta haɗu da wuri.

Malaman gona, musamman a Ostareliya, suna ganin kauce wa sanyi ya fi jure shi sauƙi. Masu bincike na CSIRO, hukumar binciken kimiyya ta Ostareliya, sun lissafa wa yankuna dabam-dabam lokacin da ya fi dacewa kanola ta fara fure: in ta yi wuri ƙanƙara ta kama ta, in ta makara zafi da fari su kama ta. Wannan ma aikin gado ne, domin FLC da 'yan'uwanta ne ke tsara ranar fure, kuma an fi fahimtarsu. In aka auna abin da ya riga ya isa hannun manomi, wannan ɓangare ne ke gaba.

Doka ma ta bambanta. Ostareliya ta cire mafi sauƙin nau'in gyaran gado daga dokar sauya halitta a 2019, Ingila ta yi sabuwar doka mai sassauci a 2023, Kanada kuma tana duba halin da shuka ta fito da shi ne fiye da hanyar da aka bi. Kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci a 2018 cewa irin waɗannan shuke-shuke suna ƙarƙashin tsauraran dokokin sauya halitta, kuma a 2023 hukumar tarayyar ta gabatar da shawarar sassautawa. Masu adawa suna kawo batun mallakar iri a hannun 'yan kamfanoni kaɗan da kuma saurin da furen kanola ke barbarar gonar maƙwabci, wanda ke cutar da mai noman da ke sayar da kayansa a matsayin marar gauraye.

Manomi da mai sayen mai

Man girki na duniya kasuwa ɗaya ce. Man kanola, na waken suya, na ja da na furen rana suna maye gurbin juna a masana'antu, don haka in ɗaya ya yi ƙaranci sauran sukan tashi. An ga haka lokacin da fari ya rage kanolar Kanada daga kusan tan miliyan 19 a 2020 zuwa kusan miliyan 14 a 2021, sai yaƙin Yukiren ya biyo baya, ma'aunin farashin man girki na hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ya kai matakin da bai taɓa kaiwa ba a watan Maris na 2022. Ƙasashen da ke shigo da man ja, har da Najeriya, suna jin irin wannan girgiza ko da ba sa cin man kanola. Ƙanƙara ba ta cika yin ɓarna mai faɗin ta fari ba, amma tana cikin abubuwan da ke sa girbi ya yi sama da ƙasa.

Ga manomin kansa, abin da ake sa ran samu nan kusa shi ne ƙarin digiri ɗaya ko biyu na juriya a matakin tsiro da na hunturu, ta hanyar iri na yau da kullum da ake ta ingantawa. Digiri biyu ba ƙaramin abu ba ne, domin sau da yawa shi ne tsakanin gonar da ta farfaɗo da wadda sai an sake sayen iri mai tsada. Zai kuma ba da damar kai kanolar hunturu, wadda ta fi yawan amfani, yankunan da a yanzu ba ta tsira. Sai dai ɗumamar yanayi ba ta kawar da haɗarin ba. Hunturu mai ɗumi yana rage dusar ƙanƙarar da ke rufe shuka, yana warware sabon sanyi da wuri, yana kuma sa fure ya fito kafin lokacinsa, sannan bincike ya nuna cewa a sassan kudancin Ostareliya zangon da ƙanƙara ke sauka ya ƙara tsawo tun daga shekarun 1960. Manomin Kanada da ya samu iri mai ƙarin juriya kuma yakan matsar da ranar shukarsa gaba don furen ya riga zafin Yuli, wato ya sake kai tsironsa cikin makonnin da ƙanƙara ta fi yawa.